Yadda ake amfani da gwajin jini wajen gano lahanin da magani ya yi wa huhu

A asibitocin karkara na Kano da Jigawa, wanda ya zo da tari da haki yakan bi hanyar da kowa ya sani: a ba shi maganin nimoniya, idan bai samu sauƙi ba a sauya masa wani, daga nan a aika da kakinsa gwajin tarin fuka. Tsarin daidai ne ga mafi yawan masu tari, tun da ƙwayoyin cuta ne suka fi kawo shi a wannan yanki. Sai dai akwai wasu 'yan tsiraru da tsarin yake tsallakewa, wato mutanen da maganin da suke sha domin wata larura dabam shi ne yake yi wa huhunsu lahani. Magungunan da aka tabbatar suna iya yin haka sun haura 350, kuma wasunsu ana samunsu a kemis ɗin ƙauye ba tare da takardar likita ba. Irin wannan majinyaci, duk kwanan da ya ƙara yana shan maganin ƙarin ɓarna ce gare shi, alhali da an dakatar da wuri sau da yawa huhun yakan warke.

Wannan bayani an yi shi ne domin ma'aikacin lafiya da ke cibiyar matakin farko ko babban asibitin ƙaramar hukuma, da jami'in ɗakin gwaje-gwaje, da kuma dangin majinyaci da suke son fahimtar takardar da aka miƙo musu. Sunayen magunguna an bar su yadda ake rubuta su a jikin kwali, domin mai karatu ya iya gane su idan ya gani.

Tun daga farko ya kamata a san iyakar abin da jini zai iya faɗa. Babu gwajin jinin da zai fito da sunan maganin da ya yi laifi, ko a Kano ko a Tokiyo. Jini yana nuna cewa an yi ɓarna a huhu, yana kuma nuna girmanta, kamar yadda manomi zai tarar an tattake masa gero ya san dabbobi sun shiga, amma gonar ba za ta gaya masa na wane ne ba. Ana gane maganin ne ta hanyar duba lokacin da aka fara shi da lokacin da ciwo ya fara, a haɗa da hoton ƙirji, a kawar da sauran cututtukan da suke kama da wannan, sa'an nan a ga ko an samu sauƙi bayan an daina. Gwajin jini yana da rawar da yake takawa a kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai, matuƙar an ɗebi jinin a kan lokaci kuma an karanta sakamakon da sanin cututtukan da ke damun mutanenmu.

Dalilin da ya sa ciwon huhu yake bayyana a jini

Huhu cike yake da ƙananan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, kowace bangonta siriri ne ƙwarai, ga kuma ƙananan jijiyoyin jini manne da shi, ta nan ne iskar oksijin take ratsawa ta shiga jini. A jikin bangon akwai wasu ƙwayoyin halitta da suke fitar da ruwa mai santsi wanda ke hana jakunkunan mannewa bayan an saki numfashi, kuma su ne suke hayayyafa su gyara bangon idan ya samu rauni. Idan magani ya ƙona bangon kai tsaye, ko ya sa garkuwar jiki ta far masa, sai waɗannan ƙwayoyin halitta su yawaita su ƙara fitar da sinadaransu, bangon kuma ya fara yoyo, sinadaran da mazauninsu cikin jakar iska ne su tsallaka cikin jini. Sinadaran da ake kira KL-6 da SP-D da SP-A duk ta wannan hanya suke hauhawa a jini, shi ya sa ake ɗaukarsu a matsayin alamomin huhu na musamman. Sauran alamomin da ake aunawa, irin su LDH da CRP da adadin farin jini, ba na huhu ne kaɗai ba, suna tashi ne duk inda aka samu kumburi ko mutuwar ƙwayoyin halitta a jiki.

A fara da ledar magani kafin a ɗauki sirinji

Matakin farko shi ne a sa dangi su kawo duk abin da majinyaci yake sha, har da kwalayen da suka ƙare. Tambayar «kuna shan wani magani?» ba ta wadatar ba, domin mutane da yawa ba sa lissafa abin da suka daɗe suna sha ko wanda ba likita ne ya rubuta ba. Gara a ce wa dattijo: «Baba, ban da wanda aka rubuta muku a nan, akwai wanda kuke saya a kemis, ko wanda yara suka aiko muku daga birni?» A ce wa tsohuwa: «Inna, akwai jiƙo ko garin magani da kuke sha a kunu?» Idan ba a tuna kwanan wata ba, a ɗaure zancen da abin da ake tunawa, kafin azumi ne ko bayan babbar salla, da damina ne ko da kaka. A rubuta ranar fara kowane magani da ranar fara tari a layi ɗaya, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce hujja mafi ƙarfi da za a samu.

Daga cikin magungunan, nitrofurantoin ne ya fi kusa da mutumin karkara, tun da ana ba da shi ga ciwon sanyin mafitsara, musamman ga mata. Lahaninsa iri biyu ne. Akwai na farat ɗaya wanda yake zuwa da zazzaɓi da tari da haki cikin kwanaki kaɗan da fara sha, ko cikin sa'o'i ga wadda ta taɓa sha a baya, kuma yakan lafa da sauri idan an daina. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya wanda yake kama wadda ta yi wata shida ko fiye tana sha domin rigakafi, shi kuwa yana iya barin tabo. Methotrexate ana ba masu ciwon gaɓoɓi na amosanin jini da masu wasu nau'o'in daji, kuma kumburin huhun da yake jawowa ya fi zuwa cikin shekarar farko. Ga masu ciwon gaɓoɓi sau ɗaya a mako ake shansa, don haka a tambaya da kyau ko ba kullum ake sha bisa kuskure ba. Amiodarone na masu rikicewar bugun zuciya ne, haɗarinsa yana ƙaruwa daga miligiram 400 a rana zuwa sama da kuma daɗewa ana sha. Bleomycin allurar daji ce da ake yi wa masu dajin Hojkin da dajin maraina da dajin Kaposi, kusan mutum 1 cikin 10 da aka yi musu suna samun matsalar huhu, kuma haɗarin yana hawa sosai idan jimillar abin da aka yi wa mutum ta wuce yunit 400, ko ƙodarsa ta raunana, ko shekarunsa sun ja. Masu zuwa allurar daji a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sukan koma ƙauyukansu tsakanin zagaye da zagaye, saboda haka ma'aikacin cibiyar ƙauye ne zai fara jin tarin, tun kafin likitan da ya rubuta allurar ya ji.

Akwai kuma wani rukuni da yake zuwa da zazzaɓi da ƙuraje da kumburin fuska mako 2 zuwa 8 bayan fara magani, wani lokaci ya taɓa hanta da huhu. Magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin da phenobarbital, da allopurinol, da co-trimoxazole wanda aka fi sani da Septrin, suna cikin masu jawo shi. Maganin gargajiya ma bai kuɓuta daga zargi ba. A Japan, wani haɗin itatuwa mai suna sho-saiko-to da ake ba masu ciwon hanta ya jawo kumburin huhu da asarar rayuka, har ma'aikatar lafiyar ƙasar ta fitar da gargaɗi a 1996. Idan ana shakkar wani magani, shafin intanet na Pneumotox, wanda Farfesa Philippe Camus na birnin Dijon a Faransa ya assasa, yana ba da damar a rubuta sunansa a ga irin lahanin huhun da aka taɓa alaƙanta da shi, kuma kyauta ne.

Kada a rikita wannan da tarin lisinopril. Wannan maganin hawan jini yana sa busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro ga mutane da dama, amma ba ya kawo haki, ba ya rage oksijin, hoton ƙirji da jini duk lafiya suke fitowa, sauya magani kawai ake yi.

Awon oksijin da ɗibar jini

Kafin jini, a maƙala wa majinyaci na'urar awon oksijin a yatsa. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. A auna yana zaune, sa'an nan a sa shi ya yi tafiya a farfajiya na 'yan mintuna a sake aunawa, domin a farkon ciwon awon zaune yakan fito daidai, sai an motsa yake faɗuwa. Faɗuwar maki 4 ko fiye abin lura ce, wanda kuma ya tsaya ƙasa da 92 yana zaune ba na ajiyewa a ƙaramar cibiya ba ne. A tuna cewa na'urar takan ƙara wa mai duhun fata maki kaɗan a kan gaskiya, baƙin lalle da jan farce da sanyin yatsa kuma suna rikita ta, don haka majinyacin da yake haki a fili ba a sallame shi saboda lambar da ta nuna ba. A saurari ƙasan ƙirji ta baya, inda akan ji siririyar ƙara ƙaras-ƙaras a ƙarshen shaƙar numfashi a ɓangarorin biyu.

Ƙa'ida mafi muhimmanci wajen ɗibar jini ita ce a ɗeba kafin a ba da sitiroyid. Prednisolone ko dexamethasone ko allurar hydrocortisone suna kawar da ƙwayoyin iyosinofil, wani nau'in farin jini, daga jini cikin sa'o'i, ta yadda gwajin da aka yi washegari zai fito fes alhali jiya suna da yawa. A tambayi majinyaci ko ya riga ya sha irinsu a kemis, domin ana ba da su ga mai tari da mai ciwon jiki ba tare da lissafi ba, kuma dexamethasone yana cikin ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Idan ya sha, a rubuta a takardar gwaji.

Ana buƙatar kwalba biyu. Mai murfi launin shunayya, wadda take hana jini daskarewa, ta ƙidayar ƙwayoyin jini ce, a jujjuya ta a hankali kuma a auna a ranar. Mai ja ko rawayan murfi ta ruwan jini ce, a bar jinin ya daskare, a juya shi a na'ura a raba ruwan da gudan jinin da wuri. Wannan rabawar ba ƙaramin abu ba ce ga LDH, domin jajayen ƙwayoyin jini cike suke da shi. Kwalbar da aka sa a aljihu aka hau babur da ita cikin zafin bazara daga ƙauye zuwa Gumel ko Rano, ko wadda aka ja jininta da ƙarfi ta siririyar allura, ƙwayoyinta sukan fashe, sakamakon ya fito sama ba tare da huhu ya yi komai ba. Jami'in gwaji idan ya ga ruwan jinin ya yi ja-ja, ya nemi a sake ɗiba.

Karanta gwaje-gwajen da ke hannu

Ƙidayar ƙwayoyin jini ita ce mafi araha kuma mafi amfani. Abin da ake nema a ciki shi ne iyosinofil, wani nau'in farin jini da yake yawaita idan jiki ya ƙi wani abu. Kada a tsaya ga kason da aka rubuta cikin ɗari, a fitar da ainihin adadi. Idan jimillar farin jini 8,000 ce, iyosinofil kuma kashi 12 cikin 100, adadinsu 960 ke nan, alhali iyakar mai lafiya 500 ce a kowace maikurolita. Yawansu ga wanda bai daɗe da fara nitrofurantoin ko sulfasalazine ko minocycline ko maganin farfaɗiya ba yana ƙarfafa zargi sosai.

A nan ne littattafan da aka rubuta a Turai ba za su ishe mu ba. A yankunan noman rani irin su Kadawa da Kura da Bunkure da fadamun Haɗeja, tsargiya da tsutsar ciki sun isa su ɗaga iyosinofil ɗin mutum shekara da shekaru ba tare da ya sha magani ko ɗaya ba, wasu tsutsotsin ma suna bi ta huhu a zagayen rayuwarsu su sa tari da inuwa a hoton ƙirji. Saboda haka duk wanda aka samu iyosinofil ɗinsa sama, a duba bayan gidansa da fitsarinsa, a kuma nemo tsohuwar takardar gwajinsa idan akwai. Wanda watanni biyu da suka wuce yake da 200, yau bayan sabon magani ya koma 1,500, labarinsa dabam ne da na wanda kullum a 900 yake. Binciken tsutsa yana da wani dalilin na biyu da ya fi wannan nauyi. Akwai tsutsa mai suna Strongyloides da take zama a hanji shiru, amma da zarar an ba mutum sitiroyid mai yawa sai ta bazu cikin jiki har huhu, kuma tana kisa. Likitoci da dama sukan ba da ivermectin kafin fara sitiroyid ga wanda ya fito daga yankin da take da yawa. A ɗaya ɓangaren kuma, iyosinofil na daidai ba ya wanke magani, domin lahanin bleomycin da na amiodarone galibi ba sa ɗaga shi.

A cikin takardar ƙidayar jinin dai, a dubi yawan jan jini. Ƙarancin jini kaɗai yana sa haki, kuma nitrofurantoin da Septrin suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, larurar gado da ta yawaita tsakanin maza a Nijeriya. Irin wannan majinyaci zai zo da haki da LDH mai yawa bayan shan magani, amma idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, huhunsa kuwa lafiya lau. Maganin ne ya yi laifi, sai dai ba a huhu ba. Ga mai shan methotrexate, faɗuwar farin jini da ƙwayoyin daskarar da jini alama ce ta cewa maganin ya taru a jiki, kuma tana buɗe ƙofa ga cututtukan huhu masu kama mai raunin garkuwa.

LDH yana hawa idan ƙwayoyin halittar huhu suna mutuwa, kuma yawansa yakan tafi da tsananin ciwon, amma sikila da zazzaɓin cizon sauro da ciwon hanta da raunin tsoka duk suna ɗaga shi. Kowane ɗakin gwaji yana da iyakarsa da yake bugawa a gefen sakamako, da ita za a gwada. Amfaninsa na gaske yana cikin maimaitawa, a ɗaki ɗaya da na'ura ɗaya. CRP da ESR suna nuna kumburi ne kawai, ba sa bambance na magani da na ƙwayar cuta, kuma a ganina kuɗin ESR gara a sa shi a wani gwajin. Inda ake yin furokalsitonin, ƙarancinsa ga mai zazzaɓi da inuwa a huhu yana rage zaton bakteriya. A haɗa da kiriyatinin, wato gwajin ƙoda, tun da ta ƙoda bleomycin da methotrexate suke fita, da kuma gwajin hanta, sai na maƙoƙo ga mai shan amiodarone.

Abubuwa uku dole a kawar da su kafin a ɗora wa magani laifi. Na farko tarin fuka, ta gwajin kaki da na'urar GeneXpert, wanda kyauta ne a cibiyoyin kula da masu tarin. Na biyu cutar HIV, domin akwai nimoniyar Pneumocystis da take zuwa da busasshen tari da haki da LDH mai yawa da hoton ƙirji kusan iri ɗaya da na lahanin magani, kuma tana kama mai shan methotrexate ko sitiroyid ko da ba shi da HIV. Na uku gazawar zuciya. Mai shan amiodarone dama zuciyarsa ba lafiya, ciwon zuciya na bayan haihuwa kuma ya yi yawa a ƙasar Hausa. A gwajin sinadaran da zuciya take fitarwa idan ta wahala, BNP ƙasa da 100, ko NT-proBNP ƙasa da 300, a ma'aunin pikogiram cikin mililita, yana sa zaton gazawar zuciya ya yi rauni ƙwarai. Inda babu gwajin, kumburin ƙafa da kasa kwanciya rigingine da sauƙin da ake samu bayan maganin fitsari suna ba da haske.

KL-6 da SP-D

KL-6 furotin ne mai yauƙi da ke jikin ƙwayoyin halittar nan masu gyara bangon jakar iska. Nobuoki Kohno da abokan aikinsa a Jami'ar Hiroshima ne suka gano shi a shekarun 1980, suna neman alamar dajin huhu, sai ya bayyana cewa ya fi hawa a jinin masu kumburi da tabon bangon huhu. Tun 1999 inshorar lafiya ta Japan take biyan kuɗin gwajin, kuma daga can ne mafi yawan ilimin da ake da shi a kansa ya fito, musamman bayan 2002 da maganin dajin huhu gefitinib ya shiga kasuwar ƙasar aka samu mace-mace sakamakon lahaninsa ga huhu. Iyakar da aka saba amfani da ita ita ce yunit 500 a mililita. Ga SP-D kuwa nanogiram 110 ne a mililita.

Fifikon KL-6 shi ne nimoniyar bakteriya ta yau da kullum galibi ba ta ɗaga shi, saboda haka ga majinyacin da ya sha maganin nimoniya bai ji sauƙi ba, KL-6 mai yawa yana karkata hankali ga bangon huhu. Yakan hau sosai a nau'in lahanin magani da ya fi haɗari, inda bangon ya ƙone a ko'ina, da kuma nau'in da yake barin tabo, kuma hawansa bayan an daina magani alama ce maras kyau. Amma a nau'in da iyosinofil ne suka cika huhu, da wasu nau'o'in masu sauƙi, yana iya fitowa daidai, don haka sakamakon ƙasa da 500 ba ya kore ciwon. Dajin huhu da na mama da na pancreas, gaɓar cikin da take fitar da insulin, suna ɗaga shi, haka ma tarin fuka da ya bazu da nimoniyar Pneumocystis, kuma waɗannan su ne ainihin cututtukan da ake son a bambance. SP-D yakan riga KL-6 hawa kuma ya riga shi sauka, sai dai nimoniyar bakteriya tana iya ɗaga shi.

Akwai kuma batun gado. Yawan KL-6 a jinin mai lafiya ya danganta da ƙwayar gadon da mutum ya ɗauko, har an ga Turawa masu lafiya sun fi Japanawa masu lafiya yawansa. Tun da iyakar 500 daga jinin Japanawa aka ciro ta, gwada mutumin Ringim ko na Ɓichi da ita kai tsaye yana buƙatar taka tsantsan. Abin da ya fi aminci shi ne a gwada mutum da kansa: a auna kafin a fara bleomycin ko amiodarone ko methotrexate, a ajiye sakamakon a katinsa, sa'an nan idan tari ya zo a sake aunawa. Wanda ya tashi daga 220 zuwa 480 bai kai iyaka ba a takarda, amma ya ninka fiye da sau biyu, kuma wannan ya fi 520 na wanda ba a san asalinsa ba ma'ana.

Waɗannan gwaje-gwaje biyu ba a yin su a ɗakunan gwajin karkara, sai an aika da ruwan jini cikin sanyi zuwa babban ɗakin gwaji, da kuɗi da jira. Shawarata ga iyalin da kuɗinsu ba zai kai ga komai da komai ba ita ce su fara da ƙidayar jini da gwajin kaki da na HIV da hoton ƙirji, abin da ya rage su sa shi a kuɗin mota da hoton CT na ƙirji a birni, domin CT yana nuna abin da hoton ƙirji na yau da kullum yake ɓoyewa a farkon ciwo, kuma shi ne likitan huhu zai fi dogara da shi. Bai kamata a ci gaba da shan maganin da ake zargi ana jiran sakamakon KL-6 ba. Akwai wani gwaji da ake yi a Japan inda ake haɗa farin jinin majinyaci da maganin a kwalba a ga ko zai harzuƙa, amma yana yawan ba da amsar ƙarya ta kowane ɓangare, kuma ba abin nema ba ne.

Bayan an yi zargi

Maganin da ba na ceton rai ba, kamar nitrofurantoin, a dakatar da shi nan take a sauya da wani. Methotrexate ma a tsayar da shan mako na gaba har sai likita ya gani. Amiodarone da magungunan farfaɗiya da na tarin fuka da na HIV kuwa, a kira likitan da ya rubuta su a ranar, domin yanke su ba tare da madadi ba yana da nasa haɗarin. Duk mai oksijin ƙasa da 92, ko mai numfashi sama-sama, ko mai ƙuraje da kumburin fuska, a tura shi babban asibiti, kamar na Malam Aminu Kano ko na Murtala a Kano, ko na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, tare da ledar magungunansa da takardar da ke ɗauke da ranakun fara kowanne da sakamakon jinin farko. Wanda aka taɓa yi wa bleomycin a rubuta hakan da manyan baƙaƙe, saboda oksijin mai yawa yana iya tsananta masa lahanin, ana ba shi gwargwadon buƙata ne kawai.

Sitiroyid hukuncin likita ne, bayan an kawar da tarin fuka da tsutsa. Ga ciwo matsakaici akan ba da prednisolone rabin miligiram zuwa miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, a riƙa ragewa a hankali cikin makonni, ga mai tsanani kuma a yi allurar methylprednisolone mai yawa ta jijiya na kwana uku. Ana bin sauƙi da awon oksijin na zaune da na tafiya, da maimaita LDH da CRP bayan 'yan kwanaki. Ɓacewar iyosinofil bayan sitiroyid ba shaidar warkewa ba ce, aikin sitiroyid ɗin ne. KL-6 yana saukowa ne a hankali cikin makonni zuwa watanni, don haka maimaita shi bayan kwana uku ɓarnar kuɗi ce. Amiodarone yana taruwa a kitsen jiki ya ɗauki watanni kafin ya fita, shi ya sa mai shansa zai iya ƙara tsananta bayan an daina, kuma jinyarsa takan fi ta sauran tsawo.

Kada a sake ba majinyaci maganin domin a gwada ko shi ne, zagaye na biyu yakan fi na farko muni. A rubuta sunan maganin a bangon katin asibiti, a kuma rubuta wa majinyaci a wata takarda da zai riƙa nuna wa mai kemis, tare da yi wa babban ɗansa ko matarsa bayanin cewa magani ɗaya yana zuwa da sunayen kamfanoni dabam-dabam, ainihin sunan da ke ƙasa da ƙananan baƙaƙe shi za a duba. Daga nan ma'aikacin lafiya ya cike fom ɗin rahoton illar magani na hukumar NAFDAC, mai launin rawaya, ko ya aika ta manhajar Med Safety a wayarsa. Ba sai an tabbatar ba kafin a aika, zargi mai dalili ya isa, kuma a sa sunan maganin da lambar rukunin da ke jikin kwali da ranar farawa da ranar dainawa da sakamakon jinin da aka samu.